Digiri na Biyu a Kan Tukunya: Ɓata Lokaci Ne?

A hutun da ya wuce wata tsohuwar ɗalibata, 'yar asalin Gummi, ta same ni a ofis da wata tambaya. Ta gama babbar difloma a fannin girke-girke da kula da baƙi, ta yi bautar ƙasa, yanzu kuma tana so ta ci gaba har ta sami digiri na biyu a kan tafiyar da gidajen abinci. Abin da ya hana ta sukuni shi ne maganar da kawunta ya yi mata, wai shi tun da yake bai taɓa jin inda aka yi ta zarya a manyan makarantu don a koyi tuƙa tuwo ba. Da ta faɗi haka sai abokan aikina biyu da ke zaune tare da ni suka tuntsire da dariya, ni ma kuwa sai da na murmusa. Amma bayan ta tafi na daɗe ina juya maganar a raina, domin na san dubban ɗaliban makarantun sakandare, da malamansu ma, ra'ayinsu ɗaya da na wannan kawu.

Ni dai a ganina kawun nan yana da gaskiya a kan tuwo, ba a zuwa jami'a don a koye shi. Inda ya kuskure shi ne zaton da ya yi cewa tuwo ake koyarwa a can. Abin da ake koyarwa shi ne yadda za a ciyar da mutum ɗari biyar ko dubu, yau da gobe da jibi, ba tare da an cutar da ko ɗaya daga cikinsu ba, kuma ba tare da jarin ya karye ba. Wannan kuwa kimiyya ce tsantsa, kuma ina ganin a duk faɗin Nijeriya babu yankin da ya kamata ya fahimci haka fiye da ƙananan hukumomin Anka da Gummi da Bukkuyum.

Bari mu fara da garin ita yarinyar. Masana tarihin fatauci sun nuna cewa tun wajen ƙarshen ƙarni na 18 Gummi ta zama matattarar Kambarin Barebari, wato fataken nan da suka yi suna wajen safarar goro daga Gwanja, a ƙasar Gana ta yau. Ayari ɗaya yakan kai mutum dubu ko fiye, ban da jakuna, kuma tafiyar ta watanni ce. Wa yake ciyar da wannan taro? Dole madugu ya san zangon da ke da ruwa da wanda babu, ya san inda za a sayi hatsi da araha, ya ƙiyasta guzurin da zai kai su zango na gaba. A garuruwa kuma akwai fatoma, mai saukar da fatake, wanda yake ba su masauki, gidansa ya yi musu abinci, ya kuma haɗa su da masu saye. Saboda haka sana'ar saukar baƙi da ciyar da su ba Turawa suka kawo mana ita ba. Abin da Turawa suka yi shi ne sun mai da ita darasi: an buɗe makarantar otal ta birnin Lozan a ƙasar Suwizalan a 1893, Jami'ar Cornell ta Amurka ta fara ba da digiri a fannin a 1922, ƙasar Kenya kuma ta buɗe Kwalejin Utalii a Nairobi a 1975.

To, me ya sa girki yake zama abin nazari idan ya yi yawa? Ɗalibin da ya yi darasin bayoloji ya san cewa ƙwayar cuta iri ta bakteriya, idan ta sami abinci da danshi da ɗumi, tana iya rabuwa gida biyu a cikin minti 20. Ku ɗauki takarda ku lissafa. A awa ɗaya ƙwaya ɗaya ta zama 8. A awa bakwai ta riɓanya sau 21, wato ta zama 2,097,152. Awa bakwai kuwa ita ce tazarar da ke tsakanin shinkafar da aka sauke da ƙarfe shida na safe da kwanon da matafiyi zai saya a tasha da ƙarfe ɗaya na rana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tsakanin digiri 5 da digiri 60 na ma'aunin Salshiyas ne waɗannan ƙwayoyi suke yaɗuwa da sauri, ta kuma yi gargaɗin kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye cikin wannan hali. Yawancin masu cutar da mu sun fi jin daɗin zafin da ya yi daidai da na jikin ɗan Adam, wajen digiri 37. Wanda ya san bazarar Gummi ko ta Anka ya san cewa rumfar mai abinci ba ta nisa da wannan adadi.

Wani zai ce ai wuta ta kashe kome. Ba kome ba. Akwai wata bakteriya mai suna Bacillus cereus da ke zaune cikin ƙasa, kuma takan biyo ɗanyar shinkafa. Idan ta ji wuya sai ta shige cikin wani ƙwanso mai tauri wanda tafasa ba ta fasa shi. Shinkafa na fara hucewa sai ta farfaɗo, ta hayayyafa, ta zubar da wani dafi mai sa amai, shi kuwa wannan dafi ko an sake ɗumama abincin yana nan daram. A nan ne girman tukunya yake shigowa. Idan ka riɓanya faɗin tukunya da zurfinta sau biyu, abin da take ci ya ƙaru sau takwas, amma jikin da zafi zai bi ya fita sau huɗu kawai ya ƙaru. Ashe ke nan babbar tukunya ta fi ƙarama jinkirin hucewa, tsakiyarta takan daɗe cikin ɗumin da ƙwayoyin cuta ke so. Uwargida mai dafa wa mutum goma, a cinye nan take, ba ta taɓa gamuwa da wannan matsala ba, don haka ba za ta koya wa 'yarta maganinta ba. Maganin kuwa ba shi da wuya ga wanda ya sani: ko dai a bar abincin a kan garwashi ya zauna sama da digiri 60 har a sayar, ko a baza shi cikin farantai marasa zurfi ya huce da sauri a kai shi firji. Kular da ake zuba abinci a rufe tun safe, idan ba ta riƙe zafi sosai, ita ce ɗakin ƙyanƙyasa.

Kada a ɗauka wannan ƙaramar magana ce ta ciwon ciki na kwana ɗaya. A ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2015, mutum miliyan 600 ne suke kamuwa da ciwo ta hanyar gurɓataccen abinci kowace shekara, 420,000 daga cikinsu su mutu. Kason Afirka shi ne miliyan 91 na marasa lafiya da mutuwa 137,000. A 2021 kuma annobar amai da gudawa ta kama fiye da mutum 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 3,000, Jihar Zamfara tana cikin waɗanda abin ya fi shafa.

Amma darasin da ya fi kowane ɗaci a wannan yanki ba daga ƙwayar cuta ya zo ba. A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitocin nan ta na-gari na-kowa, MSF, suka lura da yadda ƙananan yara ke mutuwa da farfaɗiya a wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum. An yi musu maganin zazzaɓin cizon sauro, an yi na sanƙarau, ba su ji ba. Da aka auna jininsu sai aka tarar da gubar dalma. Ƙauyuka irin su Dareta da Abare da Sunke da Duza da Tungar Daji a Anka, da 'Yargalma da Tungar Guru a Bukkuyum, sun yi asarar yara. Jimillar waɗanda suka rasu ta kai 400 ko fiye. Garin Bagega, wanda ya fi su girma, sai a 2013 aka sami kwashe gurɓatacciyar ƙasar da ke cikinsa.

Kowa ya ji labarin a matsayin labarin haƙar zinariya. Ni ina so ɗalibai su sake duba shi a matsayin labarin madafa. Dutsen da ake haƙowa yana ɗauke da zinariya tare da dalma mai yawa. A cikin gida ake farfasa shi, a daka shi a turmi, a niƙa shi da irin injin da ake niƙa hatsi, a shanya garin a tsakar gida, wato daidai inda ake sussuka da surfe da shiƙa, inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. Binciken da masana suka buga a 2018 ya nuna cewa dalmar da aka samu cikin abincin waɗannan ƙauyuka, galibinta ba daga gona ta biyo hatsin ba. Bayan girbi ta shiga, a wajen sarrafawa da girki a gidajen da ƙurar ta gurɓata. Gero ya bar gona lafiya lau, ya zama guba tsakanin turmi da tukunya. Ita dalma ba rai gare ta ba balle wuta ta kashe ta. Ba ta da wari, ba ta sauya kamar tuwo. Jikin ƙaramin yaro kuma yana tsotsar ta ninki huɗu zuwa biyar na yadda jikin babba ke yi, abin ya fi muni idan yaron yana fama da ƙarancin sinadarin ƙarfe ko na ƙashi a abincinsa. Iyayen waɗannan yara ba ƙazamai ba ne, ba kuma gwanintar girki suka rasa ba. Abin da aka rasa shi ne mutum guda a kusa wanda aka koya masa ya tsaya ya tambaya: daga rumbu zuwa baki, ta ina cuta za ta iya shiga?

Wannan tambaya ita ce ƙashin bayan karatun da ɗalibata take nema. Tana da tsari mai suna HACCP, wanda kamfanin Pillsbury da hukumar sararin samaniya ta Amurka, NASA, suka ƙirƙiro a shekarun 1960, lokacin da ake neman abincin da ɗan sama-jannati zai ci ba tare da fargabar ciwon ciki ba. Sun ga cewa ɗanɗana abin da aka gama dafawa ba ya ba da tabbaci. Sai suka koma bin abincin mataki-mataki, tun daga saye har rabawa, suna gano wuraren da haɗari zai iya shiga, suna kafa wa kowane wuri iyaka da ake iya aunawa, suna kuma rubuta abin da aka auna. Idan aka kawo wannan tunani Bukkuyum, matakin farko ba zafin murhu ba ne. Shi ne sanin injin da ya niƙa garin, da buhun da aka zuba shi, da rijiyar da aka ɗebo ruwan.

Ɗaya ɓangaren karatun lissafi ne, kuma shi ne ya fi kashe gidajen abinci. A ƙaddara makarantar kwana ce mai ɗalibai 800. Abinci sau uku a rana kwano 2,400 ke nan. A zangon karatu na mako 13, wato kwana 91, an raba kwano 218,400. In a kowane kwano giram 20 kacal na hatsi yake salwanta, ta hanyar ƙonewa ko ɓera ko ludayin da ya zarce ko hannun da ya shiga sito, asarar zango ɗaya ta kai kilo 4,368, fiye da buhu 87 masu kilo 50. Giram 20 ko tafin hannu bai cika ba, shi ya sa ido ba ya ganinsa, sai littafi. Na taɓa koyarwa a wata makarantar kwana inda kowane zango abinci yake ƙarewa saura mako biyu a yi hutu. Aka zargi kuku, aka zargi mai sito, aka zargi ɗan kwangila, har aka kori mutum biyu. Ba wanda ya taɓa auna abin da ludayi ɗaya yake ɗauka.

Yanzu sai mu saurari masu ja da wannan magana, domin suna da hujjoji, wasu ma masu ƙarfi. Na farko za su ce: ga mata nan a tashar Anka da ta Daki Takwas, shekara talatin suna sayar da tuwo da shinkafa, sun aurar da 'ya'ya, sun je Makka, ko firamare ba su yi ba. Haka ne, kuma duk mai digirin da ya raina su ya yi wauta. Sun san farashi, sun san abokan ciniki, sun san adadin da zai ƙare kafin la'asar, abin da littafi ba ya bayarwa. Amma saninsu ya tsaya inda ido da harshe suka tsaya. Matafiyin da ya ci a Daki Takwas, cikinsa ya ɓaci a Zuru ko a Gusau, ba zai dawo ya faɗa ba, don haka kuskuren ba ya komowa ga mai shi balle a gyara.

Na biyu za su ce: ina manyan otal-otal a wannan yanki, wanda rashin tsaro ya hana ko manomi zuwa gonarsa? Wannan ma gaskiya ce, kuma duk wanda yake mafarkin farar hula mai tsawo da baƙi 'yan yawon buɗe ido, to Abuja ko Legas ko Dubai zai nufa, ba laifi ba ne kuwa. Sai dai manyan tukwanen yammacin Zamfara ba a otal suke ba. Suna makarantun kwana, da asibitoci, da sansanonin da mutanen da suka gudo daga ƙauyuka suka taru a garin Anka, da cibiyoyin kula da yara masu tamowa, da shirin ciyar da 'yan firamare irin wanda Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar a 2016. Masu ci daga waɗannan tukwane su ne mafiya rauni: yara, da majinyata, da masu jego. Gudawar da ƙato zai shanye a kwana biyu tana iya kai yaro mai tamowa kabari.

Hujja ta uku ita ce wadda ni kaina na yarda da ita. Mun cika son takarda. Yaro ya gama digiri, bai sami aiki ba, sai ya koma ya yi na biyu don kada a ce yana zaune, ya fito da babban suna alhali bai taɓa tsayawa awa goma a gaban murhu ba, bai taɓa biyan ma'aikaci albashi ba, bai taɓa zubar da tukunya guda ta miya don ta yi tsami ba. Irin wannan ko ya zama manaja, kukun da ya girme shi ba zai saurare shi ba, kuma da gaskiyar kukun. Digiri na biyu a wannan fanni yana da amfani ne kawai ga wanda ya tafi da tambayar da aiki ya haifar masa. Wanda ya tafi hannu rabbana, takarda kawai zai dawo da ita.

Tambayoyin kuwa suna nan jibge, ba wanda zai zo daga Lozan ya amsa mana su. Wani bincike da aka buga a 2014 ya gano cewa tukwanen alminiyam da ake zubawa daga tsofaffin ƙarafa a ƙasar Kamaru suna sakin dalma cikin abinci. Irin waɗannan tukwane su ne a kowane gidan biki da kowace makarantar kwana a nan. Ya kamata wani ya auna namu. Ga kifin Gulbin Zamfara da ake banda a Gummi, ga wake, waɗanda wasu 'yan kasuwa ke yayyafa wa fiya-fiya don korar ƙwari, duk da gargaɗin da hukumar NAFDAC ta sha yi. Wace hanya ce mai araha da za ta maye gurbin wannan? Ga gyaɗa da masara, waɗanda idan ba su bushe sosai ba sukan yi fumfuna mai fitar da dafin aflatoksin, mai lalata hanta. Awa nawa fura da nono za su iya yi a ƙwarya a watan Afrilu kafin su zama haɗari? Yaya mai gidan abinci za ta riƙe nama lafiya a garin da wutar lantarki ba ta da tabbas? Kowace ɗaya daga cikin waɗannan ta isa kundin digiri na biyu, kuma amsarta za ta shiga bakin mutane kai tsaye.

Ga ɗalibin sakandare da abin ya ba sha'awa, hanyar a buɗe take. Ya riƙe kemistiri da bayoloji da lissafi da Turanci da kyau, in makarantarsu tana koyar da darasin abinci da gina jiki ya ɗauka. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda, wadda aka kafa a 1983, da ta Kaduna, suna koyar da fannin kula da baƙi da na fasahar abinci: shekara biyu ta ƙaramar difloma, shekara ɗaya ta sanin makamar aiki, shekara biyu ta babbar difloma. Mai babbar difloma yawanci sai ya yi diflomar gaba da digiri kafin jami'a ta karɓe shi a digiri na biyu. Cibiyar NIHOTOUR ta Gwamnatin Tarayya tana da reshe a Bagauda, Jihar Kano. Mai son ɓangaren ɗakin gwaji ya nemi kimiyyar abinci a Jami'ar Bayero, mai son digiri a kan kula da baƙi kuma ya duba jami'o'in aikin gona na Abekuta da Umudike. Samari kuma su daina jin kunya. Mai shayi namiji ne, mai tsire da mai kilishi maza ne, Sarkin Fawa ma haka, ba wanda ya ce da su uffan.

Malamai ma akwai abin da za su iya yi tun gobe ba tare da jiran kayan aiki daga ma'aikata ba. Ma'aunin zafin ɗakin gwaji ya isa. A tafasa ruwa a babbar tukunya da ƙarama, a sauke su tare, ɗalibai su riƙa auna zafin kowace bayan minti 15, su zana jadawali, su gano lokacin da kowace ta faɗo ƙasa da digiri 60 da tsawon lokacin da ta yi kafin ta huce sarai. Daga nan a kai su madafar makaranta su tambayi kuku ƙarfe nawa ya sauke abincin rana, ƙarfe nawa aka raba.

Ita kuwa ɗalibata, da ta dawo jin amsa, na ce mata kada ta sayi takardar neman shiga bana. Ta nemi aiki a madafar asibiti ko ta makarantar kwana, ko a gidan abinci mai cinikin gaske, ta yi shekara biyu. Ta sayi ma'aunin zafi da sikeli da littafi mai bango mai ƙarfi, ta riƙa rubuta abin da aka saya, da abin da aka dafa, da abin da aka zubar, da ranar da wani ya yi ƙorafin ciki. Ta ce, "Malam, to kawu fa?" Na ce ta gaya masa ta sami aiki, wannan zai fahimta. Littafin kuma idan ya cika ta kawo mini, mu zauna mu duba shafin da za ta tafi da shi jami'a.